DINARI BIYU A HANNUN MAI MASAUKI: SHAWARA GA DATTAWA A KAN KATIN KYAUTA

 Muna roƙon dattawa da iyayenmu mata na Zumunta su yi haƙuri su karanta wannan magana har ƙarshe, gama ta shafi wani abu da muke yi kowace shekara da zuciya ɗaya, amma a ganinmu ba ma yinsa daidai. Muna nufin yadda muke raba hatsin bikin godiya da kyautar Kirsimeti ga gwauraye da marayu da marasa ƙarfi na cikinmu.

Kowa ya san yadda abin yake. Kaka ta yi, an kawo damman dawa da gero, da buhunan masara, da wake da gyaɗa, an jibge su gaban bagade, an yi waƙa an yi rawa. Bayan mako biyu ko uku dattawa su zauna su ware wani kashi na mabukata, saura kuwa a kai kasuwa a sayar domin a gyara kwanon majami'a ko a sayi sabuwar amsa-kuwwa. Ranar Lahadi kafin Kirsimeti sai magatakarda ya tashi bayan wa'azi da takarda a hannu, ya riƙa kiran suna ɗaya ɗaya, kowace gwauruwa ta fito gaban jama'a ta durƙusa ta karɓi nata. A 'yan shekarun nan an ƙara wani sabon abu, wato yara su ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto, kafin a ce amin na ƙarshe hoton ya riga ya kai Kaduna da Legas.

A wata ikkilisiya da muka yi hidima, akwai wata tsohuwa da aka kira sunanta sau uku ba ta fito ba, ko da yake tana zaune a layin mata muna ganinta. Da yamma muka tafi gidanta muka ce, "Mama, lafiya aka kira ki ba ki tashi ba?" Ta ce, "Baba Fasto, mijina ne ya ba da filin da aka gina majami'ar nan. Surukaina suna zaune, jikokina suna kallo. Da wane ido zan fita in durƙusa a kan kwano biyar? Ban da haka ma, yanzu ina da abinci. Kaka ce. Ko kaza ta ƙoshi a watan nan." Ba mu sami abin da za mu ce mata ba.

Cikin watan Agusta na shekarar da ta biyo, ana tsakiyar marka, wannan tsohuwa ta zo ƙofar gidanmu bayan an yi shirin barci, ta yi sallama da murya ƙasa ƙasa. Kwana biyu ke nan ba a ɗora tukunya a gidanta ba sai tafasa da rama. Muka tafi ɗakin ajiya na ikkilisiya da tocila, ba kome a ciki sai buhunan wofi da kashin ɓera. Hatsin da aka sayar da arha a Disamba, a ranar nan ko an ba mu kuɗinsa duka ba za mu iya sayo irin yawansa ba. Ashe mun ba ta abinci lokacin da ba ta bukata, ta hanyar da ba za ta iya karɓa ba, sa'ad da bukata ta zo kuma hannunmu wofi.

Tun daga ranar nan muke juya abin a zuci. Abin da ya buɗe mana ido kuwa ƙaramin abu ne. Ɗaya daga cikin 'ya'yanmu da ke karatu a ƙasar waje ya ba mu labarin abin da Turawa suke ba juna lokacin Kirsimeti, wanda za mu kira katin kyauta. Mutum ya je kanti ya biya kuɗi, a ba shi ɗan kati mai lamba, shi kuwa ya miƙa wa wanda yake so ya yi wa kyauta. Mai katin ya tafi kantin ran da ya ga dama, ya zaɓi abin da yake so daidai kuɗin da ke ciki. Irin na roba ɗin nan ya fara yaɗuwa a Amurka a tsakiyar shekarun 1990, har ya kai ga a shekarar 2009 majalisar ƙasar ta yi doka cewa kuɗin da ke cikin irin wannan kati ba zai mutu ba kafin shekara biyar, domin kantuna suna cin riba da katunan da mutane suka manta a aljihu. Da farko muka yi dariya. Wane kanti ne a Garo zai karɓi katin roba? Amma da muka sake tunani sai muka ga ai mun daɗe muna yin wannan abu, sunansa ne kawai ba mu sani ba.

Ku tuna lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001. Kafin ta iso ƙauyukanmu, wanda yake so ya aiko da kuɗi gida sai ya nemi direban mota amintacce ko ya bi ta gidan waya. Da waya ta yaɗu sai ɗanka da ke Fatakwal ya sayi katin waya, ya kankare, ya turo maka lambobin. In kira kake so ka loda. In kuwa gishiri da kalanzir kake so, ka kai wa mai sayar da kati ya rage wani abu ya ba ka sauran a hannu. Wannan katin kyauta ne sosai, har da ragin da ake yi wa mai sayarwa. Manoma kuma ba su manta da takardar taki ba. A 2009 gwamnatin Jihar Kano tare da ƙungiyar IFDC sun gwada ba manoma takardar shaida da za su kai wurin dila su karɓi taki da ragi. A 2012 kuma, zamanin da Dokta Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona, gwamnatin tarayya ta kawo shirin da ake turo wa manomi saƙo a waya ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Shirin ya lafa bayan canjin gwamnati na 2015, amma ya bar mana darasi. Inda takin ya iso kan kari, ya kai hannun ƙaramin manomi wanda dā sai dai ya ji labari. Inda aka makara kuwa, ko babu sabis, ko dila bai kawo kaya ba, saƙon waya bai tsinana wa kowa kome ba. Kati ba ya fin amincin wanda ke bayansa.

Amma mu ba daga Amurka ko Abuja za mu ɗauki izini ba. Ku buɗe Luka sura 10, labarin Basamariye. Yawancin wa'azinmu a kan wannan misali yakan tsaya a bakin hanya, inda aka zuba mai da ruwan inabi aka ɗaure raunuka. Ba safai muke kula da aya ta 35 ba. Da gari ya waye Basamariyen yana da tafiya a gabansa, ba zai iya zama ba. Bai cusa kuɗi a hannun majinyacin da ba ya iya tashi ba, bai kuma tara mutanen masauki ya yi jawabi ba. Ya ciro dinari biyu ya ba mai masaukin domin ya ci gaba da kula da mutumin, ya kuma yi alkawari cewa in an kashe fiye da haka zai biya in ya komo. Daga Matiyu sura 20 mun san dinari ɗaya ladan ƙwadagon yini guda ne, wato ya ajiye ladan kwana biyu. Ku duba abubuwan da ke ciki. An biya tun kafin bukata ta zo. An ajiye a hannun mutum na uku wanda yake da abin da majinyaci zai bukata. Majinyaci zai ci ya sha ba tare da ya roƙi kowa ba. Mai bayarwa kuma zai dawo a yi lissafi. Mai masaukin nan, Littafi bai ce mana ɗan'uwan Basamariyen ba ne a addini ko a kabila. Mai sana'a ne da aka amince da shi.

Haka kuma dokar kala a Littafin Firistoci 19 da Maimaitawar Shari'a 24, wadda ta hana mai gona ya girbe har gefe ko ya koma ya tsince abin da ya zube. Kala ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, iyayenmu mata sun yi kalar gyaɗa sun yi ta dawa. A Rut sura 2 Bo'aza ya ƙara a kan doka, ya umarci masu girbinsa a ɓoye su riƙa zare zangarniya daga dami suna yarwa da gangan, kada kuma wani ya kunyata Rut. Ta koma wurin Na'omi da abin da ta tara da hannunta, kanta a ɗage. Mu kuwa da muke da Matiyu sura 6, inda Ubangiji ya hana busa ƙaho a kan sadaka, mun sayi amsa-kuwwa da kuɗin hatsin gwauraye muna kiran sunayensu da ita.

Ga shawararmu

Kada a raba kason mabukata a Disamba, kada kuma a sayar da shi. A ajiye shi, a ba kowane mabukaci kati a madadinsa. Ba katin roba muke nufi ba. 'Yar takarda mai kauri ta isa, mai lamba, da hatimin ikkilisiya, da sa hannun mutum biyu, a kuma rubuta lambar a littafi. A kai wa mai shi har gida, ta hannun macen Zumunta in mace ce, ta hannun dattijo in namiji ne, kamar an je gaisuwa. Ran da ya bukata, ko a Mayu ne ko a Agusta, ya aiko yaro da katin a auna masa.

Abin da muka fi so dattawa su riƙe shi ne wannan: a rubuta katin da kwano, kada a rubuta shi da naira. "Dawa kwano goma", ba "naira kaza" ba. Dalili a fili yake. Bayan cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kowa ya ga yadda kuɗi ya narke a hannu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Yuni na 2024 tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a kan ta shekarar da ta gabata. Wanda aka ba katin naira a Disamba ya je karɓa a Agusta, rabin tuwo zai samu. Wani dattijo zai ce ai a 2025 farashin hatsi ya faɗi, har manoma suka yi kuka buhun masara ba ya sayen buhun taki, waɗanda suka ajiye kuma suka yi hasara. Gaskiya ne, ɗan kasuwa ya yi hasara. Amma ikkilisiya ba Dawanau ba ce. Ba domin riba muke ajiya ba. Ko farashi ya hau ko ya sauka, kwano goma kwano goma ne a cikin tukunya. Ku tuna kuma da farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, sa'ad da mutum yake da kuɗi a banki amma ba ya iya sayen ko daddawa, masu POS kuma suna yanka son ransu. Katin da aka rubuta da kwano bai san an canja kuɗi ba.

Ina za a ajiye? Inda ikkilisiya take da rumbu ko ɗaki mai kyau, a ajiye a gida. Dawa da gero a dami suna jimrewa in rumbun ba ya yoyo. Wake shi ne mai wuya, amma buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma tun 2007, yana kashe ƙwaro ba tare da an zuba magani ba, muddin an ɗaure shi da kyau ba a kuma huda shi ba. Inda kuwa babu wurin ajiya, ko ana tsoron ɓarayi, sai a yi irin ta Basamariye: a nemi mai awo amintacce a kasuwa, a yi yarjejeniya a gaban shaidu, a ba shi hatsin ko kuɗinsa tun kaka, shi kuwa ya riƙa auna wa duk wanda ya kawo kati, ya tara katunan a yi lissafi ƙarshen wata. Wannan hanya tana da wani amfani da ajiyar gida ba ta da shi. Yaron da ya je wurin mai awo ran kasuwa ya dawo da ƙullin hatsi, ba wanda ya san ko saye ya yi ko kati ya kai.

Da zarar an gane dabarar, ba hatsi kaɗai take ɗauka ba. Mai injin niƙa zai iya karɓar kuɗin wata uku gaba ɗaya, a ba tsohuwa katin niƙa, ta huta da surfe da daka da kafaɗun da suka gaji. Tela zai iya karɓar kuɗin ɗinkin marayu tun Oktoba kafin aiki ya yi masa yawa, yaro ya je a gwada shi kamar kowane yaro, maimakon a miƙa masa rigar gwanjo da ba ta kai masa gwiwa ba. Mai babur na unguwa zai iya riƙe kuɗin tafiya uku zuwa asibitin Gwarzo ko na Kabo, mace mai ciki ta riƙe katin a ƙarƙashin matashi, in naƙuda ta tashi da tsakar dare ba sai an tsaya ciniki ba. 'Ya'yanmu da ke aiki a birni, waɗanda kullum suke kukan sun aiko da kuɗin jarrabawar ƙaninsu an kashe a biki, su biya makarantar kai tsaye, su aiko da rasit a matsayin kyauta. Ko a biki ma, amarya nawa muka gani da kulolin abinci takwas iri ɗaya, ba ta da tabarma ta biyu? Da 'yan Zumunta sun haɗa kuɗin sun ba ta kati na wurin mai kayan koli, da ta zaɓi abin da babu a ɗakinta.

Wanda ya fi faranta mana rai kuwa shi ne wanda ba a sayensa da kuɗi. Samarinmu da yawa sukan sunkuyar da kai ran godiya domin ba su da gona tasu, ba su da abin kawowa. Suna da fartanya, suna da ƙarfi. Kowane saurayi ya rubuta kati: "noma yini ɗaya", ya sa a kwandon baiko. Mai shanun huɗa ya rubuta: "huɗa safiya ɗaya". Magini ya rubuta yaɓen ɗaki kafin ruwa ya sauka. A ba gwauruwa katin, in lokacin noman farko ya yi ta aika wa shugaban matasa, a turo mata mutum. Wannan gayya ce ta kakanninmu, sai dai ita gayya sai mai halin dafa wa mutane abinci yake kiranta, shi ya sa gonar gwauruwa ita ce ta ƙarshe da ake shiga, bayan ciyawa ta riga ta ci amfanin. Kati ya ba ta ikon ta kira ba tare da ta roƙa ba.

A kan magani muna jan kunne. Kada a ba da katin kemis a buɗe, mutum ya je ya zaɓi ƙwaya da kansa. A ɗaura shi da takardar asibiti. Wannan ya isa a kan wannan.

Abin da masu ƙi za su ce

Mun tattauna wannan da abokan hidima, ba dukansu suka yarda ba, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Wani ya ce kati rashin amincewa ne da matalauci. Ka ba shi kuɗi mana, ya fi ka sanin bukatarsa. Wataƙila ba dawa ce damuwarsa ba, bashi ne ya hana shi barci. Mun yarda da rabin wannan magana. Akwai lokacin da kuɗi a hannu ya fi kome, bai kamata kuma dattawa su mai da kati sandar mulki ba, suna tsara wa babban mutum abin da zai ci. Amma duk wanda ya zauna a ƙauye ya san kuɗi a hannun gwauruwa ba nata ba ne ita kaɗai. Kafin rana ta faɗi ƙanin miji ya ji labari, ɗa mashayi ya ji, mai bin bashi ya ji, ga gudummawar biki da kunya ba za ta bar ta ta ƙi ba. Mata da kansu suka gaya mana sun fi son abin da za su iya cewa, "Ai ba kuɗi ba ne, takarda ce." Katin garkuwa ne gare su. Saboda haka a tambayi mai karɓa a asirce wanne ya fi so, a kuma bi abin da ya ce.

Wani ya ce za su sayar da katin da ragi, yadda wasu suka yi da takardar taki. Wasu za su sayar, ba shakka. In mace ta sayar da katin dawa domin ta kai ɗanta asibiti, ba mu ga zunubi a nan ba, sai dai mu ji kunya da ba mu san ɗanta ba shi da lafiya ba. Abin da za a hana shi ne wani mai kuɗi a cikin ikkilisiya ya mai da sayen katunan nan sana'a. In an kama dattijo da wannan, horo ya kamace shi.

Haɗari na gaske yana wajenmu masu riƙe da littafi. Shekarar da muka fara gwadawa mun yi kuskure, mun bar hatimi da littafi da mabuɗin ɗakin ajiya duk a hannun mutum ɗaya, domin muna jin nauyin a ce ba mu amince da shi ba. Da Yuli ta yi, katunan da suka dawo sun fi waɗanda aka rubuta yawa, iyali biyu kuma suka zo da katinsu na gaskiya suka tarar hatsi ya ƙare. Sai da muka ɗebo daga rumbun gidanmu muka cika. Laifin ba na mutumin nan kaɗai ba ne, namu ne da muka sa shi cikin gwaji. Manzo Bulus, wanda ya fi mu duka aminci, bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura 8 ya aiki Titus tare da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa da kansu, domin kada a sami abin zargi. A Ayyukan Manzanni sura 6 kuma, gunaguni na farko da ya shiga ikkilisiya a kan rabon abincin gwauraye ne, manzanni kuwa ba su ce a yi shiru ba, mutum bakwai aka zaɓa. To, hatimi a hannu ɗaya, littafi a wani, mabuɗi a na uku, ɗaya daga cikinsu kuma lalle ta zama mace daga Zumunta, gama su ne suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba. A karanta wa ikkilisiya jimla kowane wata uku, kati nawa aka bayar, nawa suka dawo, kwano nawa ya rage, ba tare da an ambaci suna ko ɗaya ba. Fasto kuma ya nisanci mabuɗin.

Akwai kuma maganar maƙwabta, wadda dole mu yi ta da hankali domin mun san inda muke zaune. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan. Mai awo da mai niƙa da tela da mai babur, yawancinsu Musulmi ne, wasu ma 'yan'uwanmu ne na jini, kakanmu ɗaya. Wani ya ce me zai sa mu kai kuɗin ikkilisiya hannun wanda ba na cikinmu ba? Mu kuwa muna ganin alheri ne. Ɗan kasuwan da ya ga mun biya tun kaka, mun dawo mun yi lissafi ba gardama, ya ga wani abu game da mu wanda wa'azin kasuwa ba zai nuna masa ba. Kuma yunwar Agusta ba ta tambayar addini. A shekara ta 362 Sarkin Roma Yuliyan, wanda ya juya wa bangaskiya baya, ya rubuta wa babban firist na gumaka a Galatiya yana ƙorafi cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na waɗanda ba Kirista ba. Yadda suke aiko mana da naman layya mu kuma muke aika musu da shinkafar Kirsimeti, haka za a iya kai wa tsohuwar maƙwabciya kati. Amma a kiyaye. Katin da zai fita waje kada a buga masa aya ko gicciye, kada a haɗa shi da gayyata zuwa sujada, kada a ba yaro ko matar aure ba da sanin mai gida ba, in ma zai yiwu a sanar da mai unguwa. An sha zarginmu da sayen mutane da abin duniya. Kada mu ba zargin nan ƙafar tsayawa, kada kuma ya zama gaskiya, gama wanda aka saya da dawa, gero zai saye shi.

Kafin mu ajiye alƙalami, gargaɗi ga iyaye a kan katin na Turawa. A 2019 hukumar kare masu sayayya ta gwamnatin Amurka ta gargaɗi masu zuwa majami'u cewa 'yan damfara suna aika saƙo da sunan fasto ko limami, suna roƙo a sayi katin kyauta a turo musu lambobin wai domin wani mabukaci. Irin wannan ya daɗe a nan da katin waya: saƙo ya shigo da dare, wai Fasto ne ya makale a hanyar Jos, a turo kati ko a sa kuɗi a wata lamba. Ku sani ba fasto na gaskiya da zai nemi wannan ta saƙo daga baƙuwar lamba. Ku kira lambar da kuka sani, ko ku tako zuwa gidansa. Sa'an nan in ɗanku ya dawo daga birni da sabuwar waya ya ce sana'arsa sayen katin Amazon ko na Apple daga Turawa yana canjawa zuwa naira, ku zaunar da shi ku tambaye shi daga ina katunan suke fitowa. Akwai waɗanda aka samu ta halal, amma da yawa an yaudari wata tsohuwa ne a wata ƙasa, mai zuwa sujada kamar uwarsa, aka raba ta da su. Ma'aji kuma ya yi tunani kafin ya yi murna da zakkar da ta fito daga nan.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana cikin abubuwan tattaunawa a zamanta na gaba, tun kafin a sa ranar godiya, a kuma gayyaci shugabar Zumunta ta zauna a ciki. Ba sai an fara da yawa ba. Buhu biyu na dawa, wajen kwano tamanin ke nan, sun isa kati takwas na kwano goma goma. Ikkilisiyar da take so ta ga irin katin da littafin da muke amfani da su yanzu, wakilinta ya neme mu a taron gunduma mai zuwa, za mu zo da su a jaka.